Tsohuwar Kwamfutata Da Fuskar Amarya

 Yau ba hirar kwalliya ko girki na zo da ita ba, hirar wata aba ce da ke ajiye a gidaje da yawa, an lulluɓe ta da tsohon zane a kan teburi ko an tura ta ƙarƙashin gado, wato tsohuwar kwamfuta. In kin tambaya sai a ce miki ai ta mutu. In kin matsa da tambayar me ya kashe ta, sai ki ji an ce hotonta ne ya lalace, rubutu ya yi gwarza-gwarza, fuskar mutum ta koma kamar an watsa mata tawada. To ni dai ina shaida muku da yawansu ba mutuwa suka yi ba, wani ɗan abu suka rasa wanda ba a sayensa da ko kwabo, kuma yarinya mai natsuwa za ta iya sa shi da hannunta.

Kada ku ce ina ruwanku. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma akwai yarinyar da ranar jarrabawa ce rana ta farko da hannunta zai taɓa maus, alhali ga kwamfuta a gidansu tana shan ƙura.

Ni a unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi na tashi. Da na gama sakandare na yi wata shida ina koyon kwamfuta, sai Inna ta ɗauki kuɗin adashinta, wanda ta yi shekara tana zubawa daga cinikin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ta sa Yayana ya sayo min kwamfuta ta hannu, Pentium 4, mai allo mai ƙeya, da 'yar firinta. Baba ya amince bisa sharaɗi guda, cewa a cikin gida zan yi sana'ata, a ɗakin da ke kusa da zaure. Nan nake buga wa mutane takardu, da katin gayyata, da kalandar biki. Mata sun fi zuwa, don sun fi sakewa su miƙa wa mace hotonsu.

A shekarar 2010 aka sa bikin 'yar ƙanwar Inna a Argungu, aka ba ni aikin kati da kalanda, har an ba ni rabin kuɗi na sayi takarda da tawada. Saura kwana 9 a fara biki sai bairos ya shiga kwamfutar ta filash ɗin wani mai kawo aiki, ta daina buɗe komai. Yaya ya ɗauke ta a babur ya kai wa wani mai gyara, aka wanke ta tas aka sake zuba mata Windows XP. Da yamma aka dawo da ita, na kunna, na buɗe hoton amarya.

Wallahi sai da gabana ya faɗi. Yarinyar nan kyakkyawa ce, baƙa mai sheƙi, ta sha leshi ruwan zuma da ɗaurin kai, ga lalle ya kama ja wur. Amma abin da na gani a allo wata halitta ce daban: fuska ɗigo-ɗigo, nan toka-toka, nan ja, nan kore, leshin ya koma kamar buhu. Rubutu kuwa ya yi manya-manya, shafi ɗaya ba ya shiga allo. Inna ta leƙo ta bayana ta ce, “Ke, mi yas samu huskar ɗiyag ga? Ko ƙyanda ta yi ba mu ji ba?”

Washegari muka koma wurin mai gyara ni da Yaya. Ko kunna ta bai yi ba ya ce, “Ai Malama katin hoton ne ya ƙone. Sai an sayo wani, kuma nan garin babu, sai Sakkwato ko Kano.” Ya faɗi kuɗi, na lissafa na ga ya fi cinikina na wata biyu.

To ga inda zancen ya yi tsanani. A lokacin akwai wani bawan Allah mai hali da ke nemana da aure, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da shi ba, kuma Baba ya ce ba zai yi min dole ba. Labari ya kai kunnensa, sai ya aiko Gwaggo da saƙo wai in kwantar da hankalina, jibi za a kawo min sabuwar kwamfuta dal a kwali. Gwaggo ta zaunar da ni ta ce, “Ke dai ba ki son arziki. Mutum ya ce shi sai miki sabuwa, ke kina nan kina hwama da gwangwani. Mi kika jira?” Na sunkuyar da kai na ce, “Gwaggo ki yi haƙuri, a ba ni kwana biyu.” Na san in kwalin nan ya shigo gidanmu magana ta ƙare, don kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. In kuma na ƙi, ga bikin 'yar uwa zai zo ba kati, ga kuɗin mutane na taɓa, ga adashin Inna ya tafi a banza. Daren nan ban runtsa ba.

Akwai wata maƙwabciyarmu da ke karatun kwamfuta a poli ta Waziri Umaru, Anti muke ce mata. Da asuba na aika ƙanena ya roƙo min ita. Ta zo da hijabinta da littafi a hannu, ta kunna kwamfutar, ta tsaya tana kallo tun daga farkon tashinta. Sai ta yi murmushi ta ce, “Ƙanwata, in katin hoto ya ƙone, da me kike ganin wannan mummunan hoton? Makaho ai ba ya cewa abu ya yi muni. Idonta lafiya lau, direba ne babu.”

Na ce, “Anti, direba kuma? Mota ce?”

Bayanin da ta yi min shi ne zan ba ku, don shi ne gishirin zancen. A cikin kowace kwamfuta akwai ɓangaren da aikinsa kawai zana hoto ya aika wa allo, shi ake kira katin hoto. A wasu kwamfutoci kati ne na daban da ake sokawa a ciki, a wasu kuma, irin tawa, a manne yake da madabod, wato babban farantin da komai ke zaune a kansa. Shi katin nan da Windows ba yarensu ɗaya ba, kuma kowane kamfani da irin yaren da katinsa ke ji. Direba wata 'yar manhaja ce da ke tsakaninsu tana yi musu tafinta. Kamar Bazabarmiya ce ta zo kasuwar Birnin Kebbi ba ta jin Hausa, mai kaya kuma ba ya jin Zabarmanci. Za su iya ciniki da nuni da yatsa, amma iyakarsu “nawa” da “bar shi”. In aka sami mai jin yaren duka biyun, sai hira ta buɗe.

Shi wannan nuni da yatsa shi ma yana da suna. A shekarar 1987 kamfanin IBM ya fito da wani tsari da ake kira VGA, mai ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye, da launi 16 kacal. Katunan da suka biyo baya duk sun riƙe shi a matsayin yaren gaggawa. Saboda haka duk lokacin da aka wanke kwamfuta aka sake zuba Windows, in ba ta sami direban katin ba, sai ta koma wa irin wannan yare don dai a ga wani abu. To ki duba fatar mutum, daga goshi zuwa kunci launi nawa ne ke sauyawa a hankali? Launi 16 ba za su iya ba, shi ya sa kwamfuta take haɗa ɗigo-ɗigo don ta kwaikwaya. In direba ya zauna kuwa, katin nan dai shi ne zai ba ki launi 65,536, ko ma 16,777,216.

Anti ba ta taɓa maus ba. Ta ja kujera gefe ta ce ni zan yi, ita baki ne nata. Ga yadda muka bi, kuma har yau hanyar ba ta canza sosai ba.

Da farko sai ki san sunan katinki, don ba a nemo wa mutum tafinta ba a san yarensa ba. Ki danne maɓallin da ke da tutar Windows tare da harafin R, wani ɗan akwati zai fito, ki rubuta devmgmt.msc a ciki. Zai buɗe miki dibais manaja, wato rajistar duk kayan da ke jikin kwamfutar. Duk wanda ba shi da direba za ki gan shi da alamar tambaya ko ta motsin rai ruwan ɗorawa. Nawa yana nan da alamarsa, da haruffan VGA a cikin sunansa. A Windows 7 ma in kin ga VGA a sunan katin, ko a Windows 10 kin ga kalmar Basic, to direban wucin gadi ne ke riƙe da shi, ba nasa na ainihi ba.

Ki danna shi sau biyu, ki shiga shafin ditels, ki duba har ki sami wani layi mai VEN da DEV. Lambobi huɗun da ke bayan VEN su ne sunan gidan da katin ya fito: 8086 na Intel ne, 10DE na Nvidia, 1002 na ATI wanda kamfanin AMD ya saye a 2006, 5333 na S3, 1039 kuma na SiS. Huɗun da ke bayan DEV su ne sunan yankan katin. Na kwafe nawa a bayan littafin lissafina: 8086 da 2562. Anti ta ce wannan Intel 82845G ne, kuma a jikin madabod yake. Kun ji katin da aka ce in je Kano in sayo madadinsa.

Na biyu, nemo direban. Lokacin ba mu da intanet a gida, sai Yaya ya raka ni kafe bayan azahar, na sayi awa ɗaya. Anti ta rubuta min abu uku a takarda: sunan katin, irin Windows ɗin da ke kan kwamfutar, da gargaɗin kada in sauke komai sai daga shafin kamfanin da ya yi katin ko wanda ya ƙera kwamfutar. Akwai shafuka barkatai masu manyan maɓallai kore suna cewa danna nan a gyara miki komai, yawancinsu tarkace da bairos za su ƙara miki. Ta ce in haɗo da direban cifset, wanda shi ke gabatar da sassan madabod ga Windows. Intanet ɗin na tafiyar hawainiya, awa ɗaya ba ta isa ba sai da na ƙara rabi, ina kallon layin nan yana cika a hankali ina salati kada a ɗauke wuta. Ku da ke da waya a hannu yanzu, ku sauke a waya ku tura ta kebul, kun huta. Sai dai ku lura, daga Windows 7 zuwa sama ana yawan samun iri biyu, mai 32 da mai 64, kuma direban ɗaya ba ya hawa ɗaya.

Na uku, zubawa. Cifset ake fara sawa, a kashe a kunna, sannan na katin hoto, a sake kashewa a kunna. Ana cikin zubawa allo zai iya ƙiftawa ko ya yi baƙi na ɗan lokaci, kada ki firgita ki zare waya. Ni dai da nawa ya yi baƙi sai da na kama hannun Anti. Da ta tashi kuwa, tun daga hoton farko na ga bambanci, shuɗin sama ya zama shuɗi na gaskiya.

Na huɗu, saiti, kuma nan mutane da yawa ke tsayawa rabin hanya. Ki danna ɓangaren dama na maus a fili, ki shiga saitin allo. Launi ki kai shi ƙarshe, 32. Yawan ɗigo kuma ya danganta da allonki. Allo mai ƙeya mai inci 15 ko 17 yana jin daɗin 1024 da 768. Allo shafal mai inci 17 nasa 1280 da 1024 ne, ƙananan laftof da yawa kuma 1366 da 768. Shi allo shafal lamba ɗaya gare shi ta asali, in kin ba shi wata sai rubutu ya yi hazo. In kuma allonki mai faɗi ne kika ba shi lambar mai murabba'i, sai ki ga kowa ya yi gajere ya yi ƙiba, ki je ki rage wa amarya kumatun da ba ta da su. Duk saitin da kika canza, kwamfuta za ta tambaye ki ko ya yi, in ba ki amsa ba cikin daƙiƙa 15 sai ta koma yadda take. Don haka gwaji ba ya ɓata komai.

Akwai wani saitin da masu allo mai ƙeya ya kamata su sani saboda lafiyar idonsu. Shi irin wannan allo yana sake zana hoton ne sau da yawa a kowace daƙiƙa. In yana kan 60 za ki ga yana rawa-rawa in kin kalle shi ta gefen ido, kuma ba a jimawa kai ya fara ciwo. Ki ɗaga shi zuwa 75, ko 85 in allon zai ɗauka. Allo shafal kuwa 60 ta ishe shi.

In aka yi rashin sa'a direban bai dace ba, kwamfuta ta tashi allo baƙi ƙirin, nan ma ba a mutu ba. A Windows XP da Windows 7, ki kashe ki kunna kina danna F8, ki zaɓi sef mod, wato tashi da lallaɓawa, inda take komawa yaren gaggawan nan. Daga nan ki koma dibais manaja ki cire direban, ko ki mayar da na baya.

Da na gama na sake buɗe hoton. Ga amarya nan yadda Allah ya yi ta, leshi ruwan zuma, lalle ja wur, har ɗan wushiryarta. Na ƙwala wa Inna kira. Ta zo ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “To, ta warke.” Ta juya ta koma wurin suyarta, amma na ga tana goge ido da gefen zane. Kwana uku na yi ina aiki, duk sanda aka kawo wuta ko tsakar dare ne sai in tashi. Kati ya isa Argungu saura kwana huɗu, kalanda kuma na tafi da ita a hannuna ranar kamu. Gwaggo kuwa na je har ɗakinta na durƙusa na ce a yi wa bawan Allah godiya, Allah ya saka da alheri, tawa ta tashi. Ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau, daga baya ta huce.

Kada ku ɗauka ina cewa kowane ciwo na direba ne, ko duk mai gyara macuci ne. Akwai masu tsoron Allah da yawa, kuma akwai lalacewa ta gaskiya. Ga yadda za ki bambance. Ki kalli allo tun daga lokacin da kika kunna, kafin Windows ta hau. In tun a nan kina ganin zane-zane da layuka, ko ba ki ganin komai, to matsalar ta ƙarfe ce, direba ba zai yi magani ba. In komai ya rine ya koma ruwan hoda ko shuɗi-shuɗi, ki duba kebul ɗin allo, mai kai shuɗi da allurai 15, sau da yawa ɗaya ce ta lanƙwashe ko kan ne bai zauna ba. In kuma tana farawa lafiya sai ta yi zafi ta rikice, ki tuna ƙurar hunturu da zafin bazarar ƙasarmu, a buɗe a busa mata iska, a duba ko fanka na juyawa. Amma in tashinta lafiya, sai an shiga Windows hoto ya yi muni, musamman bayan an wanke ta, kada ki ba kowa kuɗin kati sai kin leƙa dibais manaja.

Sai kuma abin da zamani ya kawo. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, Windows 7 a 2020, Windows 10 kuma a watan Oktoba na 2025. Ma'ana, tsohuwar kwamfuta mai XP ko 7 ba wurin shiga asusun banki ba ce, kuma gara a rage kai ta intanet. Amma koyon buga rubutu, da zanen kati, da gwajin tambayoyin jarrabawa, duk za ta yi miki. Masu ƙarfin hali kuma su tambayi wanda ya sani game da Linux, kyauta ce, kuma tana zuwa da direbobin tsofaffin katuna da yawa a cikinta. Haka nan a 2019 Intel ta kwashe tsofaffin direbobi da yawa daga shafinta, don haka wanda na sauke a kafe cikin sauƙi, yau sai an sha nema. Duk ranar da kika sami direban da ya dace da kwamfutarki, ki ajiye shi wuri biyu, a filash da kuma faifan sidi, ki rubuta sunan katin a jiki. Kuma kafin ki ba da ita a wanke, ki kwafe lambobin nan na VEN da DEV, ki ce wa mai gyara cikin ladabi, “Malam, don Allah a sa min direban hoto kafin a dawo da ita.” Daga jin haka zai san da wa yake magana.

Ni dai kwamfutar nan ta ƙara yi min shekara biyar tana aiki. Da ita na mayar wa Inna kuɗin adashinta, da ita na yi wasu kayan ɗakina lokacin da Allah ya kawo wanda raina ya kwanta da shi, kuma a kanta ƙannena mata biyu suka koyi buga rubutu kafin su shiga jarrabawa. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da zan ƙara kawai shi ne, gatarin ma sai kin san yadda ake wasa shi, in ba haka ba wani zai ce miki ya dakushe har abada, ki miƙa hannu ki karɓi abin da zai ɗaure ki.

Wadda ta gwada ta ci nasara, don Allah ta koya wa ƙanwarta da 'yar maƙwabta, kuma ta bar su su riƙe maus da hannunsu kamar yadda aka bar ni. Allah ya ba mu ilimi mai amfani da sana'a mai albarka, ya haɗa kowa da rabonta na alheri, ya saka wa iyayenmu da gidan Aljanna. Amin.

Wassalam. Taku har kullum, daga Nasarawa, Birnin Kebbi.